Kafin ku kama gidan haya, ku leƙa ajin da 'ya'yanku za su zauna

A wannan makon zan ba ku labarin wani kuskure da ni da maigidana muka yi lokacin da muka yi ƙaura daga Azare zuwa Potiskum, kuskuren da 'yarmu ce ta ɗanɗana kuɗarsa har kusan zango biyu na karatu, ko Allah zai sa wata ta kauce masa.

'Yar uwa, idan kin taɓa tashi daga wani gari zuwa wani da yara, kin san abubuwan da ake lissafawa. Nawa ne kuɗin haya, ɗaki nawa ne a gidan, akwai ruwa a unguwar ko sai an saya a wurin 'yan ga-ruwa, ana samun wuta, nawa mai mota zai karɓa ya kwashe kaya. Mu ma abin da muka lissafa ke nan. Maigidana hatsi yake saye da sayarwa, don haka babban burinsa shi ne gida kusa da kasuwa, kuma ya samu. Maganar makaranta ba ta taso ba sai ranar da muka sauke kaya, inda na tambayi dillalin da ya samo mana gidan, shi kuwa ya nuna da hannu ya ce, "Hajiya, ga babbar firamare can, duk yankin nan babu mai sunanta." Da wannan magana guda ta dillali muka yanke inda yara biyu za su riƙa kwashe rabin yininsu.

A lokacin babbar 'yarmu tana da shekara takwas, za ta shiga aji uku, ƙanenta kuma zai fara aji ɗaya. A Azare ba ta taɓa ba mu wahalar zuwa makaranta ba, har ta fara haɗa baƙi tana karanta gajerun kalmomi. Amma ba mu yi wata guda a Potiskum ba ta fara kukan ciwon kai idan ta dawo, da safe kuma ta ce cikinta na ciwo. Na ba ta farasitamol, na kai ta aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro har sau biyu ba a ga komai ba. Surukata ta aiko da rubutu aka ba ta. Da na buɗe littafinta na ga layi ɗaya ko biyu kawai take kwafa, su ma haruffan a birkice, sai na ɗauka wasa ta sa a gaba. Na yi mata faɗa, kuma ba zan ɓoye miki ba, wata rana har na sa hannu. Har yau idan na tuna sai in ji ba daɗi.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne wata Talata a zango na biyu, cikin hunturu, da ta manta kuɗin tararta na bi ta da su. Na tsaya a bakin taga ina neman ta. Benci bai wuce goma ba, sauran yaran a ƙasa suke zaune, gwiwa na gugar gwiwa, tun daga gindin allo har bangon baya. Na fara ƙirga kawuna, da na haura 120 sai na daina. Can a lungun baya na hango 'yata, ta jingina da bango, littafinta a rufe. Da na faɗa wa malamar sunanta, sai ta ce, "Wacce daga ciki? Masu wannan sunan shida gare ni." Muryarta ta dishe saboda ɗaga murya. Na tambaye ta ko tana duba littattafansu, ta ce, "Maman yara, in na ba kowane yaro minti ɗaya, awa biyu ke nan ban koyar da komai ba. Ki gaya mini yadda zan yi." Na je da niyyar yin ƙorafi, na dawo gida ina tausayin malamar.

Wanda ya san Potiskum ba zai yi mamakin wannan cunkoso ba. Gari ne da hanyoyin Kano da Bauchi da Gombe da Maiduguri suka haɗu a cikinsa, ga kasuwar shanu da ake sa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga ta hatsi, ga harkar manyan motoci. Kullum baƙi irinmu shigowa suke yi, kuma a shekarun rikicin Boko Haram garin ya karɓi iyalai da yawa da suka baro garuruwansu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro yana da haƙƙin karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, saboda haka hedimasta ba zai kori yaro don aji ya cika ba. Manufar ilimi ta ƙasa kuwa malami ɗaya ta tanada ga ɗalibai 35 a firamare. A shekarar 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare a Jihar Yobe, kuma an gina sababbin makarantu a Potiskum da wasu garuruwa domin rage cunkoso. An samu sauƙi a wasu wurare, amma yara na ƙaruwa fiye da yadda azuzuwa da malamai ke ƙaruwa, musamman a tsakiyar gari.

Da na ba maigida labarin abin da na gani, sai ya ce a mayar da su makarantar kuɗi kawai. Mun zauna mun yi lissafi: yara biyu, ga na uku a goye, kuɗin zango sau uku a shekara, ga littattafai da kayan makaranta, alhali kasuwar hatsi yau riba gobe faɗuwa. Duk da haka na je na duba wata da ke kusa da mu. Gidan haya ne aka mayar makaranta, ɗakunan kwana suka zama azuzuwa, babu filin wasa, kuma malamar aji ɗaya da bakinta ta gaya mini ba ta daɗe da gama sakandare ba. Akwai makarantun kuɗi masu kyau a garin, ban musa ba, sai dai irin waɗanda aljihunmu zai iya ɗauka ba su fi ta gwamnati da komai ba in ban da ƙarancin yara. A makarantar gwamnati kuwa ƙa'ida ita ce malami ya kasance yana da aƙalla takardar NCE. Daga nan na ƙudura cewa zan nemi ƙaramar makarantar gwamnati da ake karatu a cikinta, ko da a gefen gari take.

Matambayi ba ya ɓata. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita ta ce in je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, domin duk firamaren gwamnati a ƙarƙashinsu take, kuma sun san wadda ta cika da wadda ke da sarari. Na je ina ɗari-ɗari, amma wani jami'i ya saurare ni, ya lissafa mini makarantun da ke unguwanni daban-daban, daga Dogo Tebo zuwa Dogo Nini, daga Yerimaram zuwa Nahuta da ƙauyukan da ke kewaye. Dattijuwar ta ƙara mini da shawarar da ta fi kowace amfani. Ta ce, "'Yata, kada ki sanar da kowa za ki je, kuma kada ki je ranar Litinin da sassafe lokacin da kowa ke nan. Ki je da hantsi, bayan an dawo tara, in da hali ranar Laraba da kasuwar shanu ke ci. Ranar za ki san malamin da ke zama da yaran da ake turawa talla."

Makarantu huɗu na zagaya cikin mako biyu. Ta farko ta burge ni daga nesa, domin yaran ba su da yawa, aji bai fi mutum 30 ba. Amma da na shiga da ƙarfe goma da rabi na tarar malamai uku ne ke riƙe da aji shida, rabin makarantar na wasa a waje. A nan na gane cewa ƙarancin yara kaɗai ba ya sa a yi karatu, sai da malami a cikin ajin. Ta biyu tana da malamai, kuma na ji ana karatu, sai dai kafin yaro ya isa sai ya tsallaka babbar kwalta inda tireloli ke wucewa dare da rana, ni kuwa ɗana shekararsa shida. Ta uku ba ta da ruwa, banɗakinta kuma ya lalace, yara bayan katanga suke zagayawa. Ta huɗu ita ce mafi tsufan gini, siminti ya farfashe, kwano duk faci, ko fenti babu. Amma akwai famfon burtsatse a tsakar makarantar, akwai inuwar darbejiya, kowane aji da malaminsa a ciki, kuma ajin da 'yata za ta shiga mutum 46 ne. Ya haura ƙa'ida, amma ina 46 ina 120?

Ga abubuwan da na koya a wannan yawo, waɗanda nake so ki riƙe. Kada ki tsaya a ofishin hedimasta, ki roƙi izini ki ga ainihin ajin da ɗanki zai zauna. Ki ƙirga waɗanda ke zaune da idonki, sannan ki tambayi nawa ne a rajista, domin idan rajista ta ce 90 kika ga 40, to ranar jarrabawa sauran za su dawo, kuma hakan na nuna babu mai bibiyar fashi. Ki tambaya cikin ladabi su wane ne malaman dindindin. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum tana tura ɗalibanta koyon aikin koyarwa a makarantu, suna taimakawa ƙwarai, amma na ɗan lokaci ne, don haka makarantar da kika gani cike da malamai wannan wata tana iya zama fayau wata mai zuwa. Ki karɓi littafin yaro biyu ko uku ki duba, ki ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi. In hedimasta ya yarda, ki sa wani ɗan aji huɗu ya karanta miki layi uku na Hausa. Kada ki raina wannan gwaji, domin rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya nuna kusan yara tara cikin goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara suna kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. Hedimastan da ya san ana aiki a makarantarsa ba ya jin haushin irin wannan roƙo. Na makaranta ta huɗu dariya ya yi ya ce, "Hajiya, zaɓi wanda kike so da kanki."

Sai ɓangaren lafiya, wanda iyaye da yawa ba ma haɗa shi da zaɓen makaranta. Ki dubi tagogi, suna buɗewa, iska na ratsawa? Yobe na cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla a lokacin rani, kuma cunkoso a ɗaki marar iska na taimaka masa yaɗuwa, haka ma ƙyanda da tari. Mutanen Potiskum ba su manta da farkon 2024 ba, lokacin da sanƙarau ya shiga wasu makarantun kwana aka rasa ɗalibai. Duk yaron da ya dawo da zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya, asibiti za a nufa da shi nan take, ba kemis ba. Ki dubi ruwan sha, domin a watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yaron da ba ya shan ruwa tun safe kuwa ba zai fahimci komai ba bayan ƙarfe goma sha ɗaya. Ki dubi banɗaki, ko akwai na mata daban, domin rashinsa na sa 'yan mata da suka fara girma su riƙa fashi. Ki dubi abincin da ake sayarwa a bakin ƙofa, a rufe yake ko ƙuda na bi. Ki dubi katanga da ƙofa da wanda ke tsaron ta, tunda garin da ya ga harin makarantar Mamudo a 2013 da na makarantar sakandaren kimiyya a Nuwamban 2014 ba sai an koya masa muhimmancin wannan ba. Sannan ki taka da ƙafarki daga gidan da kuke son kamawa zuwa makarantar, ki ga abin da yaro zai tsallaka a hanya.

Muka mayar da yaran makaranta ta huɗu. Ba a cika mako uku ba malamar ajin 'yata ta aiko in zo. Gabana ya faɗi, na zaci wani laifi ta yi. Da na je sai ta ce, "Maman yara, kin taɓa kai yarinyar nan a duba idonta? Na lura in tana kallon allo sai ta tsuke ido, in na juya baya ta taso ta matso gaba ta kwafa ta koma. Na dawo da ita layin farko, amma ki kai ta asibiti." Muka je sashen ido, aka sa ta karanta haruffa daga nesa, layukan sama kaɗai ta iya. Likita ya ce ba ta ganin nesa da kyau, ya rubuta mata tabarau, ya kuma ce yawan tilasta wa ido na iya kawo ciwon kan da take kuka da shi. Sai a lokacin na tuna cewa a Azare layin gaba take zama saboda ƙanƙantarta, shi ya sa matsalar ba ta fito ba. A babbar makaranta kuwa ta zo baƙuwa, ta samu wuri a bangon baya, ta yi wata biyar tana kallon allon da ba ta ganin abin da ke kansa, ni kuma ina yi mata faɗa a gida.

Ba na cewa malamar farko ba ta da kula. Da ita ma mutum 46 gare ta, wataƙila da ta riga kowa ganewa. Amfanin ƙaramin aji ke nan: malami yana samun sararin lura da yaro ɗaya, ya ga wanda ke tsuke ido, da wanda sai an maimaita masa magana saboda kunnensa na zubar da ruwa, da wanda ya zo bai karya ba, da wanda ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba. Masana ma sun gwada abin. A jihar Tenesi ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an rarraba dubban yara 'yan ajin farko-farko, wasu a aji mai ɗalibai 13 zuwa 17, wasu a mai 22 zuwa 25, sai aka ga na ƙananan azuzuwa sun fi iya karatu da lissafi, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi ne suka fi cin moriyar. Idan bambancin yara takwas ko tara ya yi tasiri haka, ki auna da kanki abin da ke tsakanin 46 da 120.

Sauyin bai zo a sauƙaƙe ba. Makarantar ta yi nisa da gidanmu, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin Keke Napep ya zama abin lissafi. Zango ɗaya da rabi muna biyan kai da ɗauko, har na ce wa maigida idan hayarmu ta ƙare mu koma kusa da makarantar. Ya ce, "Ke kam, saboda firamaren gwamnati za ki tayar da mu daga bakin kasuwa?" Ban ja da shi ba. Wata rana da daddare na sa yarinyar ta ɗauko littafinta ta karanta masa shafi guda, da tabaraunta a fuska. Bai ce komai ba, amma da shekara ta zagayo shi da kansa ya nemo gida a can. Yanzu shi ke yin doguwar tafiya kullum, yaran kuma minti goma suke yi a ƙafa, ba su tsallaka kwalta.

Maigida, wannan taka ce. Kai babba ne, kana iya jure nisa, ɗan shekara shida ba ya iyawa. Idan ƙaura ta kama ku, ka fara zuwa kai da uwargida ku ga makarantu tun ana cikin zango, kafin ka ba dillali ko sisi, sannan ka nemi gida a kewayen wadda ta kwanta muku. In da hali ku tashi a dogon hutu domin yara su fara da 'yan uwansu a Satumba. Ku taho da takardar canjin makaranta, da sakamakon zangon ƙarshe, da takardar haihuwa, da katin rigakafi, kuma ku cike allurar da ta rage kafin yaro ya shiga cikin sababbin yara.

Na san ba kowa ke da halin sauya gida ko biyan Keke ba, kuma yara 120 ɗin nan da na bari a wancan aji suna nan a raina. In haka ne halinki, ki je ki gabatar da kanki ga malamin ajin tun makon farko, ki sa ya haɗa fuskar ɗanki da sunansa, ki roƙa a zaunar da shi gaba in ƙarami ne. Ki buɗe littafinsa kowace yamma ko da ba ki yi boko mai zurfi ba, domin shafin da babu komai kowa na gane shi. Ki tsayar da shi a nesa da kalanda, ki rufe masa ido ɗaya bayan ɗaya ki ga ko yana gane lambobin, in kin yi shakka ki kai shi asibiti. Sannan ki riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ki nemi sanin 'yan kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC, domin ta nan ake kai kukan ƙarin aji da malamai zuwa ofishin ilimi da hukumar SUBEB. Ni ma yanzu ina cikin na makarantarmu, kuma bana ajin ɗana ya kai 58, saboda labari ya bazu iyaye na ta kawo yara. In ba mu tashi mun nemi ƙarin malamai tun yanzu ba, nan da 'yan shekaru za ta koma irin wadda muka gudo daga gare ta.

'Yata tana aji biyar yanzu. In muna tafiya a bakin hanya ba ta barin tirela ta wuce sai ta karanta mini abin da aka rubuta a bayanta, tun daga nesa, wani lokaci kafin ni in gani. Ciwon kan nan kuwa tun zuwan tabarau bai sake dawowa ba.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamanmu da alheri.